Inda Marnie Take

Lahadi, 6 ga Oktoba, ƙarfe 2 na rana

Yau ma 'yata Marnie ba ta zo taron ibada ba. Sati na huɗu ke nan. Wurinta a benci na biyu kusa da taga yana nan babu kowa, mutane suna kewaye shi kamar an zubar da ruwa a kai. Mijinta Garrett kuwa ya zo da farar rigarsa a goge, ya zauna inda ya saba. Muka yi shirunmu na awa guda yadda mu Kiristoci 'yan ɗariƙar Kweka muke yi kowace Lahadi, ba fasto ba waƙa, sai ƙarar injin girbin masara daga gonar su Pickering. Ba wanda ya tashi ya ce uffan.

Da aka zo gaisawa ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Lorna, kullum tana cikin addu'ata." Na ce na gode. Ni da bakina na ce masa na gode.

Na kira wayarta sau biyu. Tana shiga, ba a ɗauka. Shekarata sittin da ɗaya, 'ya ɗaya Allah ya ba ni, kuma ban san a wane gida take kwana ba.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe 11 na safe

Eunice Coppock ta zo da tsohuwar motarta ta ɗaukar kaya da kwandon tuffa, don mu shirya zaman shawara na ran Lahadi. Ita ce mai jagorantar taronmu, ni ce marubuciya. Shekararta tamanin da uku, tana jan ƙafa ɗaya, kunnenta da na'urar ji da take kashewa idan mutum ya ishe ta. Ko yaran taro Eunice suke ce mata, haka muka gada, ba mu da malama ba mu da uwargida. Amma ni har gobe idan ta shigo kicin ɗina sai na gyara zama.

Na nuna mata abin da na tanada don littafin taro: "Taro ya lura da saɓanin da ke tsakanin Marnie da Garrett Mott, yana fatan zaman lafiya ya dawo gidansu." Ni a ganina ya yi kyau. Ta karanta, ta tura tabarau saman kai.

"Saɓani?" ta ce. "Lorna, ni da marigayi Harold shekara hamsin da biyu muna saɓani a kan tagar ɗakin kwana, shi a buɗe, ni a rufe. Ya mutu bai yarda ba, nima ban yarda ba. Kin taɓa ganin an naɗe mini hannu da bandeji?"

Na ce ni dai zaman lafiya nake so.

"Wane zaman lafiyar ne zai dawo? Yaushe ya taɓa kwana a gidan?"

Na tambaye ta ko ta san inda Marnie take. Ta ce ta sani. Na jira. Ta ɗauki tuffa ɗaya ta hau ferewa da wuƙata, ta ce ba za ta gaya mini ba, kuma ba za ta yi mini ƙarya ta ce ba ta sani ba. Raina ya ɓaci sosai. Duk da haka na raka ta har mota, na riƙe mata ƙofa.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Na yi miyar kabewa, wadda Marnie take so. Ni kaɗai na ci.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Abin da na gani yau ban taɓa ganin irinsa a ɗakin taronmu ba.

Mu ba ma ɗaga hannu a ƙirga. Ana zama ana saurare har sai ra'ayi ya zo ɗaya, sannan in rubuta, in karanta a gaban kowa, a ce an amince. Da aka zo maganar su Marnie, Garrett ya tashi da ladabi ya ce zai fita don a sami sakewa. Har na ji wata ta ce, "Allah sarki." Sai Dale Pickering ya kawo shawarar da kowa ya san za a kawo: a zaɓi mutum uku, a zaunar da miji da mata a ɗaki ɗaya, a yi shiru tare, kowa ya faɗi ta cikinsa. Haka muke yi da iyakar gona, da rabon kayan gado, da komai. Kawuna suka hau gyaɗawa. Na riga na ɗora alƙalami a takarda.

Mai jagoranci ba ta faɗin ra'ayinta daga teburin jagoranci, aikinta saurare. Sai kawai Eunice ta miƙe da sandarta, ta sauko daga tebur, ta ja ƙafa ta je benci ta zauna cikin jama'a. Ta huta. Sannan ta sake miƙewa a matsayin mutum ɗaya cikinmu, ta ce ta tare hanya, ba ta yarda ba.

Ga abin da ta ce, gwargwadon yadda na riƙe:

"Shekara arba'in ina zaunar da mutane a ɗaki ɗaya, kun sani. Idan mutum biyu suna son abu ɗaya, ko ɗaya yana son gabas ɗaya yamma, wannan saɓani ne, kuma ba cuta ba ne. Kowa yana iya cewa a'a ya koma gida lafiya. Shi ake zama a kansa. Amma idan ɗaya ya riga ya koya wa ɗaya abin da zai same shi in ya ce a'a, babu abin sasantawa, sai dai a hana. Ku zaunar da ita kusa da shi za ta ce muku komai lafiya, ku tafi gida kuna murna. Shirun da za ku ji a ɗakin ba irin namu na Lahadi ba ne."

Dale ya yi ja har kunne. Ya ce, "Haba Eunice, mu da muka ƙi yaƙi tun kakanni, yau za mu ɗauki ɓangare?"

Ta ce, "Dale, ƙin yaƙi muka yi, ba ƙin gani ba. Zauna, ka yi magana sau biyu."

Ya zauna kuwa. Aka tashi ba a rubuta komai ba, abincin da kowa ya kawo ma rabinsa aka koma da shi gida. Ina jin haushinta, ta tona mu a gaban juna. Amma ban iya ɗauke ido daga kanta ba, tsohuwa guntuwa da rigar sanyi mai maɓalli a karkace, ita kaɗai a tsaye, muryarta ko rawa ba ta yi.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe 9 na safe

Takardar aurensu tana rataye a falonsu, babba, da sa hannun duk wanda ya halarta. Mutum sittin da huɗu. A wajenmu wannan sa hannun alkawari ne cewa auren yana hannun taro, za mu kula da shi. Nawa ne na farko bayan nasu.

Shekara bakwai muna yabon gidan. Ba a taɓa jin muryarsu ba. Ana cewa matasa su yi koyi da su Garrett. Marnie da a da in ta yi dariya a kicin ana ji daga rumbu, ta zama mai magana ƙasa-ƙasa, sai na ce ai girma ne. Ta daina tuƙa mota, na ce ai yana kai ta ko'ina, ta yi sa'ar miji. Wata rana a teburina na tambaye ta ko za ta ƙara kofi, ta dubi fuskarsa kafin ta amsa.

Ban sani ba. Ni dai ban sani ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe 3 na rana

Bev matar Dale ta ja shi sun zo, wai duba ni, ashe ƙarar Eunice suka kawo. Bev ta ce tsohuwar ta raba kan taro, mutum huɗu sun ce ba za su zo gobe ba. Ba su kai minti biyar a zaune ba suka kaure a kan wanda ya bar ƙofar garken shanu a buɗe.

"Kai ne, tsohon banza, kanka kamar rariya!"

"Ni? Matar da ta sa gishiri a kek ɗin Kirsimeti ce za ta yi mini gorin mantuwa?"

"Shekara ashirin da wannan kek ɗin, kuma ka cinye shi tas, ka nemi ƙari!"

Tun ina yarinya nake jin kunyar gidan Pickering, ina ce ba su da natsuwa irin tamu. Yau na zuba wa Bev ido. Tana ce masa tsohon banza tana miƙa hannu ta ɗauke biskit daga farantinsa. Ba ta duba ƙofa ba, ba ta ja jiki ba, kafaɗunta a sake. Da suka tafi na wanke kofuna uku, na tsaya a bakin famfo har ruwan ya huce.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe 1 na rana

Mu goma sha ɗaya. Garrett ya zo. Marnie ba ta zo ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Sati biyu ina kewaya abu ɗaya a littafin nan. Bari in rubuta.

Ran sha biyu ga Satumba Marnie ta bar gidan da jaka ɗaya, ta tafi wajen wata ƙawarta a birni. Ni kaɗai ta gaya wa inda take. Ta ce, "Mama, kada ki faɗa wa kowa. Kowa fa." Bayan kwana biyu Garrett ya zo ya zauna a kujerar nan da Eunice ta fere tuffa. Ya yi kuka, hawaye na gaske. Ya ce shi magana kawai yake so su yi, ido da ido, kamar yadda aka koya mana, ba ta bakin lauya ba. Duk rayuwata an koya mini cewa babu abin da zama da saurare ba ya gyarawa, kuma akwai hasken Allah a cikin kowane mutum. Na ɗauki ambulan ɗin irin wake, na juya bayansa, na rubuta masa adireshin. Har da lambar ƙofa. Har na ji daɗi a raina cewa na yi aikin alheri.

Abin da ya faru a can ba zan rubuta ba. An canza ƙofar gidan. Hannunta na dama sati shida a ɗaure, aka ce.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe 12 na rana

Na tuƙa zuwa gidan Eunice da safe na gaya mata. Tana cire dankali daga lambu, ba ta ma miƙe ba.

"Na sani tun ranar," ta ce. "Wa kike zaton ya kai ta asibiti? Wa ya zauna da ita a kotu aka ba shi takardar hana kusantarta?"

Na ce, kotu? Mu da ba ma kai juna ƙara?

"Na shiga da ƙafata mai kyau, na fito da ita, ginin bai faɗo mini ba. Riƙe bokitin nan."

Na riƙe. Na ce me ya sa duk kwanakin nan ba ta ce mini komai ba, tana shan kofina. Ta ce jira take in gaji da kaina. Sannan ta zauna a kan wani bokitin ta ba ni labarin wata mata mai suna Ruth, shekara arba'in da suka wuce, da ita Eunice da kanta ta zaunar da mijinta a ɗaki ɗaya. Aka yi shiru mai daɗi, aka riƙe hannu, Ruth ta koma. Ba ta faɗi ƙarshen labarin ba, nima ban tambaya ba.

"Ba wayo na fi ki ba, Lorna. Riga ki na yi."

Na yi kuka a tsakiyar dankali. Ba ta rarrashe ni ba, ta miƙo mini tsumman da take goge hannu, da ƙasa a jiki. Na ce ta gaya wa Marnie na yi nadama. Ta ce ita ba 'yar aike ba ce, kuma nadamar da aka yi a lambu lambu ne kaɗai ya ji.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Yau na ji abin da ya ƙara ɗaure mini kai game da Eunice. Ashe kowace Alhamis da rana gidan Garrett take zuwa. Ni na zaci ta tsane shi. Ita ce ta samo masa wani zama da ake yi a birni na maza masu dukan matansu, kuma ranar farko ita ta kai shi da motarta, ta jira a waje awa biyu tana saƙa.

Ta gaya masa a fuskarsa cewa za ta nemi taro ya dakatar da shi daga ɗakin Lahadi, maza biyu su riƙa zuwa gidansa suna shirun ibada da shi. Ta ce ya daka mata tsawa har kofi ya zube. Na tambaye ta ba ta ji tsoro ba?

"Na ji mana. Na zauna kusa da ƙofa, makullin mota a hannuna, jikana yana jirana a waje. Tsufa na yi, ban haukace ba. Na ce masa, yawwa Garrett, shekara bakwai sai yau na ji muryarka ta gida."

Na ce to me ya sa take komawa? Ta ce hasken nan da muke cewa yana cikin kowa, yana cikinsa shi ma, ba ta janye ba. Amma ba Marnie ce za ta ci gaba da biya da jikinta kafin a tono shi ba.

Ban san yadda mutum ɗaya yake riƙe abu biyun nan a lokaci guda ba. Ni ɗaya na riƙe, kuma ga inda ya kai ni.

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe 8 na safe

An gama girbi. Gonaki sun yi fayau, ana hango titi daga kicin. Kowace mota mai launin toka sai na tashi, ina zaton Marnie ce.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, ƙarfe 6 na yamma

Awa uku da rabi. Waɗanda suka yi yaji duk sun dawo, don ba wanda yake so a ba shi labari. An ɗaga murya a ɗakin da kakata ta ce ko tari ana haɗiyewa. Wani ya ce ba mu taɓa rufe wa kowa ƙofa ba. Bev ta tashi ta ce, "Ai mun rufe, sati takwas ke nan, Marnie ce a waje!" Dale ya juya ya kalli matarsa kamar yau ya fara ganinta. Eunice na teburin jagoranci wannan karon, in an yi zafi ta ɗaga hannu ta ce a yi shiru, a yi, sannan a ci gaba da faɗan.

Wajen ƙarfe biyu na ajiye alƙalami na sauko daga tebur yadda na ga ta yi. Na faɗa musu maganar ambulan ɗin irin wake, da lambar ƙofa, da daɗin da na ji. Na ce na yi ne don ina ganin kowace matsala saɓani ce, kuma don na fi tsoron hayaniya a kan abin da ke faruwa da 'yata. Ba wanda ya ce Allah sarki. Na gode musu da hakan.

Daga nan abin bai daɗe ba. Dale ya ce har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, amma zai ja gefe ba zai tare hanya ba, kuma a sa sunansa cikin maza biyun da za su riƙa zuwa gidan Garrett. Na koma tebur na rubuta, na miƙe na karanta:

"Garrett Mott ya doki matarsa Marnie, ya tsorata ta shekaru. Mu da muka sa hannu a takardar aurensu mun ga alamu, muka kira shi zaman lafiya. Ba za mu nemi ta zauna da shi ba. Ba zai shigo ɗakin nan ba sai ranar da ita ta ce, kuma ba za mu yar da shi ba."

Aka ce an amince. Ba da ƙarfi ba, amma an ce. Eunice ta sa na kwafa mata a takarda daban, ta ninke ta cusa a aljihun rigar sanyi. A bakin mota ta ce rubutuna ya lalace, kamar kaza ta bi ta kai. Daga bakinta wannan yabo ne.

Talata, 12 ga Nuwamba, ƙarfe 10 na safe

Ba kira.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma

Eunice ta ce ta ba Marnie takardar, ta karanta sau biyu, ta saka a jaka. Na ce sai me ta ce? Ta ce, "In tana da abin faɗa miki, tana da baki." Ba kira.

Litinin, 18 ga Nuwamba, ƙarfe 3 na rana

Marnie ta kira. Ƙarfe ɗaya da kwata, ina share ganye a tsakar gida, na shigo da gudu har na bar takalmi ɗaya a matakala.

Ba ta gaishe ni ba. "Mama, na ce miki kowa. Na ce miki kowa! Wace kalma ce ba ki gane ba?" Daga nan ta ɗora. Ta ce na fi son a ce gidanmu mutanen kirki ne a kan in dube ta. Ta ce shekara bakwai tana zuwa teburina da dogon hannun riga a tsakiyar zafin Yuli, ni kuma ina yaba mata kamun kai. Ta tuno abubuwa tun tana 'yar shekara tara, lokacin da nake cewa a gidan nan ba a ɗaga murya. Wasu ba haka aka yi ba, na ce mata ba haka aka yi ba, ta ce haka aka yi, muka ja a kai. Yawancinsu haka aka yi. Sai da na nisantar da wayar daga kunnena. Muryar nan ce, wadda ake ji daga rumbu.

Minti arba'in da uku. A ƙarshe, tana haki, ta ce, "Muryata ta dishe. Zan sake kira ran Alhamis, ban gama da ke ba."

Na ce ina nan, ƙarfe nawa?

Ban tambaye ta inda take ba.